Bristol Blenheim: Tambayoyi da Amsoshi Kan Jirgin Bam da Ya Faro Daga Kwaɗayin Wani Attajiri

Duk sanda hira ta biyo ta kan jiragen Yaƙin Hitila, Spitfire da Lancaster ake ambata, a bar Blenheim kamar ba a yi shi ba. Alhali shi ne jirgin sojan Birtaniya na farko da ya ƙetara iyakar Jamus a ranar da ƙasar ta shiga yaƙin, kuma yana cikin jiragen da suka riƙa yada zango a Kano da Maiduguri. Ga tambayoyin da masu sha'awar tarihin jirage suka fi yi a kansa. An sa musu lamba don a iya komawa daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Wane irin jirgi ne Blenheim?

Ƙaramin jirgin bam ne mai inji biyu, wanda kamfanin Bristol ya zana kuma ya fara ƙerawa a Filton, bayan garin Bristol a kudu maso yammacin Ingila. Mutum uku yake ɗauka, da bam na kilo 454. Samfurin soja na farko ya tashi ranar 25 ga Yuni 1936, ya shiga aiki a rundunar sojan sama ta Birtaniya, wato RAF, a Maris 1937. Kafin a rufe layin ƙera shi an yi fiye da 4,000. Sunan kuwa na wani filin daga ne a ƙasar Jamus, inda sojan Ingila da ƙawayensu suka ci na Faransa da yaƙi a 1704.

2. Me ya sa Birtaniya ta matsu da neman sabon jirgin bam a lokacin?

Tsoro ne. A Nuwamba 1932 Stanley Baldwin, jigo a gwamnatin Birtaniya, ya tsaya a majalisar dokoki ya ce ba abin da zai hana jirgin bam isa inda ya nufa, kuma manyan sojan sama sun yarda da shi. Tunaninsu shi ne, tun da ba za ka iya tare jiragen maƙiyi ba, sai ka tanadi naka da yawa, ya san in ya taɓa Landan kai ma za ka taɓa Balin. Ana cikin haka Hitila ya hau mulki a 1933, a Maris 1935 kuma ya shaida wa ministan harkokin wajen Birtaniya, Sir John Simon, cewa Jamus ta kamo su a ƙarfin sama. Cika baki ne, amma ya yi aiki: hankalin gwamnati ya tashi, aka shiga shirin faɗaɗa rundunar cikin gaggawa.

Abin da RAF ke da shi a hannu kuwa, jirage ne irin su Hawker Hart da Hind, masu fiffike hawa biyu, jikinsu lulluɓe da yadi, matuƙi a waje iska na dukansa, taya a sake ba ta naɗewa. Gudunsu bai wuce kilomita 300 a awa ba. A daidai lokacin kamfanonin fasinja na Amurka sun riga sun fara yawo da jiragen ƙarfe irin su Boeing 247 da Douglas DC-2, waɗanda suka fi na sojan Ingila gudu. Abin kunya ne, kuma akwai wanda ya ƙudiri aniyar tona shi.

3. Da gaske ne mai gidan jarida ne ya sa aka ƙera shi?

Da gaske ne, sai dai ba jirgin yaƙi ya yi oda ba. Lord Rothermere, mai jaridar Daily Mail, attajiri ne mai son a san da shi, kuma ya daɗe yana caccakar gwamnati kan sakaci da harkar sama. A 1934 labari ya iske shi cewa babban mai zanen Bristol, Frank Barnwell, yana da zanen wani ƙaramin jirgin fasinja na ƙarfe mai inji biyu. Nan take ya ce a ƙera masa ɗaya, mai ɗaukar fasinja shida da ma'aikata biyu, wanda babu na kasuwanci da zai fi shi gudu a duk Turai. Kuɗin ya kama fam 18,500.

Shugabannin Bristol ba su yi saurin miƙa hannu ba. Ma'aikatar Harkokin Sama ita ce babbar mai sayen kayansu, ga shi mutumin da ke son jirgin da niyyar kunyata ta yake sonsa. Wanda ke cin tuwon gida ba ya taya bare zagin maigida. Sai da suka je suka shaida wa ma'aikatar, ta ce ba ta da ja, sannan suka kama aiki. Jirgin, mai lamba 142 a jerin zanen kamfanin, ya tashi a Filton ranar 12 ga Afrilu 1935, matuƙin gwaji Cyril Uwins na riƙe da shi. Rothermere ya raɗa masa suna Britain First, ma'ana Birtaniya ce gaba.

Da aka cire farfelar katako aka sa ta ƙarfe mai ganye uku wadda ake iya sauya kwanciyarta, sai ma'aikatar ta roƙi aron jirgin ta kai shi wurin gwajinta na Martlesham Heath. Can ya buga kilomita 494 a awa. Sabon jirgin farauta na RAF a wannan shekarar, wato wanda aikinsa shi ne ya kamo jiragen maƙiyi a sama ya harbo su, Gloster Gauntlet ne, iyakarsa kilomita 370. Ke nan jirgin yawon attajiri zai wuce mai gadin sararin ƙasar ya bar shi yana kallon wutsiya. Rothermere ya samu abin da yake so, sai ya yi kyautar jirgin ga ƙasa, jaridarsa ta buga.

4. Ta yaya jirgin fasinja ya rikiɗe ya zama na bam?

Ba fenti kawai aka sauya ba. A jirgin Rothermere fiffike a ƙasan gangar jiki yake, don fasinja su samu wurin zama a samansa. Barnwell ya ɗaga shi zuwa tsakiya, da kusan santimita 40, ya buɗe wuri a ƙarƙashi inda bama-bamai za su kwanta a cikin cikin jirgin. Aka ɗaga ƙaramin fiffiken wutsiya shi ma, aka sa gilasai a hanci don mai auna bam, aka huda baya aka dasa ɗakin maharbi mai juyawa, aka ƙarfafa ƙasusuwan jirgin gaba ɗaya. Sabon zanen shi ne 142M.

Akwai abu ɗaya da ke nuna irin saurin da aka yi. Ƙofofin rumbun bam ba inji ke buɗe su ba. Igiyar roba ce ke riƙe da su, irin wadda ɗan acaɓa ke ɗaure kaya da ita a bayan babur. In aka saki bam, nauyinsa ne zai danne ƙofar ta buɗe, ya fice, robar ta mayar da ita. Dabara ce mai arha marar nauyi, amma ba wanda ya san daƙiƙa nawa bam zai ɓata yana kokawa da ƙofa, kuma a irin wannan gudun ɗan jinkiri kaɗan ya isa ya kai shi gonar da ke bayan abin da aka auna.

5. Me ake nufi da cewa an saye shi tun yana kan takarda?

A al'ada ma'aikatar takan fitar da sharuɗɗa, kamfanoni su ƙera samfuri, a gwada, a gyara, a sake gwadawa, sannan a ba da kwangila. Wannan kan ci shekaru. Blenheim bai bi ta nan ba. An rubuta sharuɗɗan ne, masu lamba B.28/35, a kan zanen da Bristol ya riga ya kawo, kuma a Satumba 1935 aka yi odar guda 150 alhali ko ɗaya bai taɓa barin ƙasa ba. Cinikin biri a sama ke nan, illa dai an ga ɗan'uwansa na fasinja yana tashi. Jirgin farko da ya fito daga layi shi ya zama na gwaji.

Wannan ya rage lokaci sosai: ƙasa da shekara biyu tsakanin tashin Britain First da isar Blenheim rukuni na 114 a sansanin Wyton. Kuɗin gaggawar kuwa matuƙa ne suka biya, domin kurakuran da gwaji zai tono sai a bakin aiki aka gano su (duba tambaya ta 7).

6. Kamfani ɗaya ya iya ƙera dubban jirage?

Bai iya ba, kuma nan ne labarin ya fi daɗi ga mai sha'awar masana'antu. Kamfanonin jirage na Ingila a lokacin ƙanana ne, sun saba da odar goma-goma ko ashirin-ashirin, gwanayen ma'aikata na haɗa kowane jirgi da hannu. Blenheim kuwa jikinsa fallayen alminiyon ne da ake kafewa da dubban ƙananan ƙusoshi, fatar da kanta tana ɗaukar wani ɓangare na nauyi. Irin wannan aiki yana son manyan maƙerai na ƙarfe da za su riƙe kowane sashe daidai, da injinan matse ƙarfe, da zanen kowane ƙaramin yanki a rubuce. Kafa su yana da tsada da cin lokaci, amma in an gama, wanda bai taɓa ganin cikin jirgi ba zai iya koyon aiki ɗaya ya yi ta maimaitawa.

Su wa suka iya irin wannan? Masu ƙera motoci. Ministan harkokin sama, Lord Swinton, ya fito da tsarin da aka kira masana'antun inuwa a 1936: gwamnati ta gina masana'anta da kuɗinta, ta zuba injina, ta miƙa wa kamfanin mota ya gudanar ana biyansa lada, yana kwaikwayon abin da uwar masana'anta ke yi kamar yadda inuwa ke bin mai ita. Kamfanin motoci na Rootes ya samu Blenheim. Da farko a White Waltham, yamma da Landan, aka so gina masa wuri, sai aka yi ca a kan gwamnati, ana cewa ta yaya za a kai aiki inda ake da shi a bar yankunan da rashin aiki ya yi wa katutu. Aka mayar da ita Speke, gefen Libaful. Daga baya Rootes ya ƙara wata a Blythe Bridge. Kamfanin jirage na Avro, a yankin Mancesta, shi ma ya ƙera kusan dubu.

Injin ma haka aka yi masa, har ma abin ya fi ban mamaki. Aka rarraba sassansa tsakanin Austin, Daimler, Rover, Standard da Rootes, kowa da abin da yake yi, sannan a tattaro a haɗa. Lord Nuffield, mai motocin Morris, ya ce wannan shirme ne, ya ƙi shiga. A ganina yana da hujja ta wani gefen, domin bam ɗaya a masana'anta ɗaya zai iya tsayar da duka. Amma tsarin ya haifar da injina, kuma ya koya wa dubban ma'aikatan mota aikin jirgi kafin a buƙace su. Wataƙila wannan ne babban abin da Blenheim ya bar wa Birtaniya, fiye da duk bam ɗin da ya jefa.

7. Yaya zaman cikinsa yake?

Matsi. Mutum uku ne: matuƙi a hagu, mai duba hanya wanda shi ne kuma mai auna bam a gefensa, sai mai rediyo can baya wanda shi ne maharbi. A samfurin farko mai duba hanya ba shi da ko tebur, kan ɗan kujera mai naɗewa yake zama da taswira a cinya. Tsakanin na gaba da na baya kuwa ƙashin fiffike ya gitta, sai da rarrafe ake wucewa, balle mutum na sanye da kayan sanyi masu kauri.

Matuƙi shi ma bai huta ba. Sitiyarin yana kare masa wasu agogunan, wasu maɓallan kuma, har da na sauya kwanciyar farfela, a bayan kafaɗarsa suke, sai dai ya miƙa hannu ya lalubo. Ka tuna mutanen nan daga Hind suka fito, jirgin da tayarsa ba ta naɗewa. Sai ga su da jirgi mai inji biyu, mai tayar da dole a tuna a sauke ta kafin a sauka, mai hannaye masu kama da juna a jere. An yi ta haɗurra a shekarun farko, wasu sun sauka a kan ciki, wasu inji ɗaya ya mutu musu a tashi suka kasa riƙe shi. Fita daga ciki in ya kama wuta ma wani aiki ne.

8. Wane inji ne a jikinsa?

Bristol Mercury, aikin Roy Fedden, mai silinda tara da aka jera a da'ira kamar ƙafafun keke, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Na samfurin farko ƙarfin doki 840 kowanne, na samfuri na huɗu ya ɗan haura 900. Inji ne mai aminci, kuma rashin lagireto ya sa harsashi ɗaya ba ya zubar da ruwa ya kashe shi. Matsalarsa ita ce ya kusa ƙure girmansa tun kafin yaƙi. Nauyin jirgin ya yi ta ƙaruwa, ƙarfin injin yana nan kusan inda yake, abin da tambaya ta 10 ta yi bayani.

9. Me ya bambanta mai gajeren hanci da mai dogon hanci?

Mai gajeren hanci shi ne samfuri na ɗaya. Hancinsa dungum ne, duk gilashi, bai ma kai tsinin farfela ba. Gudunsa kilomita 459 a awa, zangonsa wajen kilomita 1,800. Mai dogon hanci shi ne na huɗu, wanda aka ƙara wa hancinsa kusan mita ɗaya don mai duba hanya ya samu tebur da wurin aiki. Gwajin farko na dogon hancin bai yi ba, gilashin gaba ya yi wa matuƙi nisa yana ta ƙyalli a idonsa. Sai aka dawo da gilashin kusa da shi, aka kuma rage tudun hancin ta hagu don ya ga fili lokacin sauka. Shi ya sa in ka kalli samfuri na huɗu ta gaba za ka ga hancin a karkace kamar an mare shi. An ƙara masa tankunan mai a fiffike, zangonsa ya kai wajen kilomita 2,350, gudunsa ya sauko zuwa 428.

Na biyu da na uku ba su wuce gwaji ba. Na biyar, wanda aka fara kira Bisley, an lafta masa sulke ya yi nauyi, matuƙa ba su so shi ba ko kaɗan. An kuma mayar da wasu na ɗaya jiragen farauta ta hanyar ɗaura musu akwatin bindiga huɗu a ciki, akwatunan da ma'aikatar gyaran jirgin ƙasa ta Ashford ta ƙera. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ne ya fara harbo jirgin Jamus da dare da taimakon na'urar rada ta cikin jirgi, a Yuli 1940.

10. In ya fi jiragen farauta gudu, me ya sa aka yi ta kakkaɓo shi?

Domin jiragen da ya fi gudu na 1935 ne, yaƙin kuma a 1939 aka fara. A shekarar da Britain First ya ba kowa mamaki, a ita ce Messerschmitt 109 na Jamus da Hurricane na Ingila suka fara tashi, Spitfire ya biyo a Maris 1936. Kafin a kai 1940, 109 yana yin wajen kilomita 560 a awa. An zana Blenheim a kan cewa gudu ne garkuwarsa, don haka bindiga biyu kacal aka ba shi, ɗaya a fiffiken hagu tana kallon gaba, ɗaya a ɗakin maharbi, dukansu masu ƙaramin harsashi. Babu sulke, tankin mai kuma ba ya toshe kansa in an huda shi. Da gudun ya daina amfani sai ya zama ba shi da komai. Aka shiga ƙara sulke da bindigogi, kowane ƙari yana rage gudun da ya saura.

Tun ranar 4 ga Satumba 1939 alama ta nuna. Blenheim goma sha biyar suka tafi kai hari kan jiragen ruwan Jamus a yankin Wilhelmshaven, biyar ba su ga wurin ba, cikin goman da suka kai hari biyar ba su dawo ba. Bama-baman da suka sami jirgin ruwan Admiral Scheer ba su fashe ba, saboda an sake su daga ƙasa-ƙasa. Ranar 17 ga Mayu 1940 rukuni na 82 ya tura jirage 12 zuwa Gembloux a Beljiyam, ɗaya ne ya dawo. Aka sake cika rukunin da sababbin jirage da sababbin mutane. Ranar 13 ga Agusta aka tura shi Aalborg a Denmak, jirage 12, aka harbo 11, na sha biyun ma don ya juya tun a hanya ne. A Tunisiya, 4 ga Disamba 1942, Hugh Malcolm ya jagoranci ayarin samfuri na biyar da rana ba rakiya, aka gama da su, shi ma ya mutu a ciki.

Barnwell bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. A Agusta 1938 ya faɗo da wani ɗan ƙaramin jirgi da ya ƙera wa kansa, ya rasu.

11. To me ya hana a daina ƙera shi tun da aka ga haka?

Da babu gara ba daɗi. Manyan RAF sun san ya tsufa tun kafin yaƙi, amma jiragen da za su gaje shi ba su iso ba, kuma masana'antun da aka bayyana a tambaya ta 6 an riga an kafa su a kan siffarsa. Sauya layi zuwa wani jirgi yana nufin watanni ba a fitar da komai, a lokacin da ake ƙirga jirage kowane mako. A 1940 ma, lokacin da Faransa ke faɗuwa, Blenheim yana cikin jirage biyar da aka ba fifiko a kan komai wajen kayan aiki. Tsarin da ya sa aka same shi da yawa cikin sauri, shi ne ya sa aka kasa rabuwa da shi. Sai a Agusta 1942 rundunar bam ta Ingila ta janye shi daga kai hari a Turai, bayan Boston da Ventura na Amurka da Mosquito sun samu. A Gabas ta Tsakiya da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, ya ci gaba har 1943. Bristol kuma ya ɗora a kan abin da ya koya, ya fito da Beaufort, daga shi ya fito da Beaufighter.

12. An ƙera shi a wasu ƙasashe?

An ƙera a uku. Finlan ta sayi 18 tun kafin yaƙi, ta karɓi lasisi, masana'antar gwamnati a Tampere ta ƙera 55. Jimillar waɗanda ta yi aiki da su 97 ne, wasu har da takalman sulu a madadin taya saboda ƙanƙara, kuma sai a 1958 ta ajiye na ƙarshe. A Yugoslabiya kamfanin Ikarus ya kammala kaɗan kafin Jamus ta mamaye ƙasar a Afrilu 1941. Kanada ce ta fi yawa: kamfanin Fairchild a Kwibek ya ƙera 626 da sunan Bolingbroke, don sintirin gaɓar teku da horar da maharba.

Turkiyya da Girka da Romaniya saye suka yi. Abin dariyar, Romaniya an sayar mata ne don a jawo ta jiki, sai ta bi Jamus. Ita da Finlan duka sun yaƙi Tarayyar Sobiyet da Blenheim, lokacin da Sobiyet ɗin ke ƙawance da ƙasar da ta zana shi.

13. Blenheim ya taɓa zuwa ƙasar Hausa?

Ya zo, ba sau ɗaya ba. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yuni 1940 Faransa kuma ta faɗi, Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa, zagayawa ta ƙasan Afirka da jirgin ruwa kuma wata da watanni ne. Sai aka fito da wata hanya: a kawo jirage cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi a Gwalkwas, Gana ta yau, a harhaɗa su a can, su tashi da fiffikensu har Masar. Abin da ya sa hanyar ta yiwu shi ne Chadi, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a Agusta 1940. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai biyayya ga Jamus, don haka matuƙa suna kiyaye karkata arewa.

Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, Blenheim ɗaya a gaba, Hurricane shida a biye. Haka tsarin ya zauna: jirgin farauta mutum ɗaya ne a ciki ba mai duba hanya, don haka Blenheim ne madugu, saura su bi shi. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, a ratsa Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a shiga Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid zuwa Hartum, sannan a bi Kogin Nilu har Masar. Kusan kilomita 6,000, a kwana shida in an yi sa'a. Wanda kakansa ya je Makka a ƙasa zai gane sunayen nan, domin daga Kano zuwa Hartum kusan sawun alhazan da ne jiragen suka bi ta sama, tafiyar da kan ci mahajjaci shekara ko fiye. Hazon hunturu yakan rufe ƙasa har a rasa gane hanya, guguwar damina ta tarwatsa ayari, rairayi kuma ya ci injin, ta yadda jirgi kan isa Masar yana neman makaniki kafin ya ga maƙiyi. Ana shafa farin fenti a bayan jiragen don in ɗaya ya faɗi a daji a hango shi daga sama. Fiye da jirage 5,000 iri-iri suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943. Sojan saman Faransa masu bin de Gaulle ma sun yi aiki da Blenheim daga Chadi, suka kai hari Kufra a kudancin Libiya a Fabrairu 1941.

Kano dai ba baƙuwar jirgin bam ba ce ko a lokacin. Jiragen farko da suka taɓa sauka a birnin, ranar 1 ga Nuwamba 1925, DH.9A uku ne na RAF da suka taso daga Masar ƙarƙashin Arthur Coningham, suka sauka a filin wasan dawaki. Su ma jiragen bam ne, na ƙarnin katako da yadi da Blenheim ya zo ya kawar.

14. Akwai wanda ya rage a yau?

Kaɗan. Akwai Blenheim ƙirar Finlan a gidan tarihin jirage na Tikkakoski, can Finlan ɗin. Yawancin sauran da ake gani a gidajen tarihi Bolingbroke ne na Kanada, waɗanda manoma suka saya da arha bayan yaƙi don su kwance tayoyi da wayoyi da bututu, suka bar gangar a bayan gona shekara da shekaru. Daga irin waɗannan aka farfaɗo da ɗaya a filin jirage na Duxford a Ingila, ya tashi a 1987, bai cika wata guda ba ya faɗi. Masu aikin suka ɗauko wata gangar, ta tashi a 1993, ita ma ta yi haɗari wajen sauka a 2003.

A gyara na uku sai suka so mayar da shi mai gajeren hanci, ga shi hancin samfuri na ɗaya ya yi wuyar samu. Ashe bayan yaƙi wani ma'aikacin Bristol ya sayi ɗaya daga cikin tarkace, ya ɗora shi a kan ƙashin ƙaramar mota Austin Seven, ya sa masa batir, ya yi shekaru yana yawo da shi a titi a matsayin motar lantarki. Wannan hancin aka kwance daga motar aka mayar wa jirgi, ya sake tashi a Nuwamba 2014, kuma a Duxford yake zaune.